Faifai Lafiya Lau, Kebul Ne Ya Mutu

A duk kayan kwamfuta, da wuya a sami abin da aka raina kamar ɗan baƙin kebul ɗin nan da ke haɗa faifan ajiya na waje da kwamfuta, wanda 'yan kasuwar Sudan ke kira wasla. Tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, santimita 45 ko makamancin haka. A cikin kwalin faifan yake zuwa, ba a cinikinsa daban, ba kuma mai tambayar ingancinsa ranar saye. Abin da mai saye ke tambaya shi ne terabait nawa, ɗaya ko biyu. Sai ranar da kebul ɗin ya ɓata, ko ya karye daga wuya, sannan mutum zai farga cewa duk abin da ya tara shekara da shekaru, hotunan biki da na mamata, takardun gona, kundin digiri, karatun malamai, ba shi da hanyar isa gare su sai ta cikinsa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

A Kano wannan ɓacin rai ne na yini guda. Mutum ya hau adaidaita sahu zuwa Farm Centre ko titin Beirut, ya zaɓa ya darje, ya dawo gida kafin la'asar. A Gadarif, can gabashin Sudan, lamarin ya fi haka nauyi.

Gadarif gari ne na noma da ciniki, kimanin kilomita 410 daga Hartum, a kan babbar hanyar da ta ratsa Wad Madani ta wuce Kasala zuwa Bur Sudan. Tun tsakiyar shekarun 1940, lokacin da Turawan Ingila suka fara noman tarakta a yankin Gadambaliya, jihar ta zama cibiyar dawa da riɗin ƙasar. Hausawa na cikin waɗanda suka gina wannan arziki da guminsu: jikokin mahajjatan ƙafa da suka yada zango a hanyar Makka, da zuriyar waɗanda suka biyo hijirar Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda ƙwadagon gona ya kawo daga baya. Garin yana fitar da hatsi, amma kayan lantarki shigo masa da su ake yi, kuma kafin yaƙi hanyarsu ɗaya ce: dillalan Hartum, musamman shagunan Suƙul Arabi da ke tsakiyar birnin. Ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakiyar Hartum ta zama fagen daga. A Disambar shekarar dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin ƙasar, suka kama Wad Madani, a ƙarshen Yunin 2024 suka shiga Sinja, kowane karo kuma ayarin masu gudun hijira Gadarif yake fara nufa. Dubban ɗaruruwan mutane suka cika makarantu da gidajen 'yan uwa. Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, suka karɓe tsakiyar Hartum a Maris, amma kasuwar da aka wawushe aka ƙone ba ta tashi rana ɗaya.

Cikin masu gudun akwai ɗaliban jami'a da malamansu, lauyoyi, likitoci, akantoci, masu ɗaukar hoton biki. Wanda ya fita a guje ba zai saɓi kwamfutar tebur ba. Faifan zai zare ya jefa a aljihu, kebul ɗin kuwa yana can maƙale a bayan kwamfutar. Haka buƙata ta ƙaru a daidai lokacin da hanyar kaya ta yanke.

Abin da ke cikin waɗannan faifai ba duka ne za a sake samu a wani wuri ba. A watan Mayun 2023 ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Omdurman ya ƙone da littattafansa da takardunsa, ofisoshin gwamnati da kotuna da yawa ma sun rasa abin da ke cikinsu. Ga Bahaushen Sudan kuwa, takarda ba abin wasa ba ce. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar kakanninsa suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Dokar 1994 ta sassauta, ta mayar da ma'aunin zuwa 1956, amma ɗabi'ar neman hujja daga Bahaushe ko Bafulatani wadda ba a neman irinta daga wani ba ta gushe da sauya doka ba. Saboda haka hoton takardar jinsiyyar kaka, ko ta mallakar fili, da wani jika ya ɗauka ya adana a faifai, yana iya zama abin da iyali guda za su dogara da shi gobe.

Mai karatu na iya cewa, to me ya hana a ɗora komai a intanet a huta? Wanda ya zauna Sudan ba zai yi wannan tambaya ba. A Yunin 2019, bayan an tarwatsa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja, an rufe intanet na wayar hannu fiye da wata guda. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 an sake rufewa sama da mako uku. A farkon Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk faɗin ƙasar, har manhajar Bankak ta Bankin Hartum, wadda jama'a ke cefane da ita saboda ƙarancin tsabar kuɗi, ta tsaya cak. Ga kuma wuta: a Janairun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari tashar lantarki ta Shuwak, a cikin jihar Gadarif kanta, duhu ya rufe Gadarif da Kasala. Google gigabait 15 yake bayarwa kyauta, abin da bidiyon biki guda zai lashe, ƙari kuma sai da katin da ke biyan dala. A irin wannan ƙasa, ajiyar da mutum zai riƙe a hannunsa ita ce ajiya.

Yanzu bari mu shiga cikin akwatin, domin yawancin asarar da ake yi daga rashin sanin aikinsa take tasowa.

Faifan aljihu, mai inci 2.5, yawanci yana da faranti ɗaya ko biyu a ciki masu juyawa sau 5,400 a minti, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansu tana karatu da rubutu. Tazarar da ke tsakanin allura da faranti ta fi silin gashin kai siranta sau dubbai. Faifan ba shi da batir, ba shi da caja tasa. Wutar da ke juya farantin da bayanan da ke shiga da fita, duk ta kebul ɗaya suke bi. A tsarin USB 2.0, wanda ya fito a 2000, sili huɗu ne a ciki: ja da baƙi na wuta, fari da kore na bayani. Kwamfuta na ba da bolt 5 da miliamfa 500, gudun bayani kuma megabit 480 a daƙiƙa. A 2008 USB 3.0 ya zo da ƙarin sili biyar, wuta ta tashi zuwa miliamfa 900, gudu ya kai gigabit 5. To shi faifai, lokacin da ya fi jan wuta shi ne daƙiƙoƙin farko, sa'ad da yake tayar da faranti daga tsaye, kuma a nan yakan nemi kusan amfa guda. Ka ga ke nan ko da lafiyayyen kebul ne, rarar da ke akwai ba ta da yawa.

Sili kuma yana cin wuta a hanya, gwargwadon sirantarsa da tsawonsa. Kebul mai tsawon mita 2 da aka yi da siririyar tagulla mai lamba 28 zai cinye kusan kashi uku cikin huɗu na bolt guda kafin wutar ta isa. Bolt 5 ya koma huɗu da 'yan kai, faifan kuwa ba zai tashi da haka ba. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni ke sako guntun kebul mai kauri a kwali, ba rowa ba ce. Idan kuma silin ba tagulla ba ce tsantsa, alminiyam ne ko baƙin ƙarfe aka shafa wa tagulla a sama, abin ya ƙara lalacewa, don alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da tagulla ke ɗauka yake iya ɗauka, baƙin ƙarfe kuma bai ko kama ƙafarsa ba.

Alamomin yunwar wuta sanannu ne. Fitila ta kama amma kwamfuta ba ta ga komai ba. Ko a ji ƙit, ƙit, ƙit, ko wani ɗan siririn kuka, sannan tsit. Ko faifan ya bayyana, a fara kwafa, ya ɓace, ya sake bayyana. Matsalar ita ce waɗannan alamomi su ne kuma na faifan da ke gargarar mutuwa. Kunne kaɗai ba ya rabewa. Shi ya sa ake yanke wa lafiyayyen faifai hukuncin mutuwa a jefa shi cikin durowa, alhali kebul na 'yan kuɗi kaɗan ne ya gaza.

Akwai laifin da nake ɗora wa waɗanda suka tsara bakin da ake soka kebul ɗin, kuma ba ƙarami ba ne. Yawancin faifan aljihu da aka sayar daga wajen 2010 zuwa yau suna da wannan faffaɗan baki mai tsaga a tsakiya, wanda ake kira Micro-B na USB 3.0. Asalinsa tsohon bakin cajin wayar Android ne mai haƙora biyar, aka liƙa masa wasu haƙora biyar a gefe. A takarda an ce zai jure sokawa da zarewa sau 10,000, kuma an mayar da 'yan ƙugiyoyin riƙo kan kebul domin shi ya riƙa lalacewa, na'ura ta tsira. Niyya mai kyau. Amma bakin faffaɗa ne, ba shi da zurfi, kuma da ɗigon dalma kawai yake riƙe a jikin allon lantarki. Kan kebul ɗin kuma dogo ne mai tauri, ƙaramar dangwara daga gefe sai ta zama ƙarfi mai yawa a kan dalmar. Kamfanin Samsung ya gwada wannan baki a wayoyinsa, Galaxy Note 3 a 2013 da Galaxy S5 a 2014, sannan ya watsar da shi. Da masu wayar hannu sun riƙe shi, da yau kowane mai tebur a bakin tasha yana da kebul ɗinsa. Da suka bar shi, sai ya zama kayan masu faifai kaɗai, wanda sai an bi shago-shago ana nuna hoto.

Daga nan ne ɓata da karyewa suka zama abu guda. Mutumin da ya san in ya rasa kebul ɗinsa zai sha wuya kafin ya sami wani, ba ya yarda ya raba shi da faifan. Sai ya bar shi a soke, ya nannaɗe shi a jikin akwatin, ya ɗaure da roba, ya cusa a jaka. Jakar ta hau bas ko raksha, a danne ta, a jingina da ita, ta bi hanyar Gallabat ko ta Fao tana tsalle. Kowane motsi a kan wuyan kebul da dalmar baki yake sauka. Tsoron ɓata shi ne ke karya shi, wani lokaci ma ya tafi da bakin faifan gaba ɗaya. Wanda kuma ya zare shi ya ajiye daban, ga shi ɗan guntu, baƙi, kamar kowane kebul a gidan da iyali uku ko huɗu suka haɗu suna rabon soket ɗaya. Yaro ya ɗauka ya gwada a waya, bai shiga ba, ya yar. Maƙwabci ya ara bai mayar ba, don shi ma nasa ya ɓata. Mai shagon tura fina-finai da wa'azi ya karɓi faifai biyar a yini, kebul ya sauya ubangida ba tare da kowa ya yi niyyar sata ba.

Yanayin garin ma bai taimaka ba. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, robar kebul ta bushe ta tsage, musamman in an bar shi a mota. Ƙurar rani tana taruwa a cikin bakin har kan kebul ya kasa zama daidai, damina kuma ta kawo danshi haƙoran su yi tsatsa. Busasshen burushin haƙori ya isa sharar baki. Allura ko fil kuwa lanƙwasa haƙoran suke yi.

Sai batun saye, inda aka fi yin kuskure. A kasuwar Sudan kaya iri biyu ne a bakin mai shago, asli da tijari, wato na asali da na kasuwa, kuma kusan dukansu daga masana'antun kudancin Sin suke fitowa, su biyo ta Dubai zuwa Bur Sudan, ko su sauko ta mota daga Masar. Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600, kafin ƙarshen 2024 ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Ɗan kasuwan da jarinsa ke narkewa a hannunsa, masu sayensa kuma 'yan gudun hijira ne da ba su ga albashi ba wata da watanni, wane iri kake tsammanin zai saro? Ba na ganin laifin mai shago sosai. Sau da yawa shi ma bai san abin da ke cikin robar ba. Shuɗin harshe a kan kebul da tambarin SS a jikinsa alamun USB 3.0 ne, amma shuɗin roba ba shi da tsada, kuma akwai kebul mai faffaɗan kai da ba a haɗa ƙarin silin nan biyar a cikinsa ba sam. Garanti kuwa tun da can ba a saba da shi ba. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya hana kamfanonin Amurka irin su Seagate da Western Digital hulɗa da ƙasar kai tsaye, kaya suka saba shigowa ta hannu na biyu da na uku.

Hanyar ganewa ba ta da wuya, in mai saye zai ɗan yi haƙuri. Gajere ya fi dogo, mai kauri da ɗan tauri ya fi mai laushi da rashin nauyi. Idan maganaɗisu ya kama tsakiyar kebul, inda babu kai babu ƙulli, akwai baƙin ƙarfe a ciki, a ajiye shi. Amma gwajin da ba ya ƙarya shi ne a je da faifan da kwamfutar shagon, a soka a baki mai shuɗi, a kwafi babban fayil guda ana kallon lambar da ke fitowa. In ta tsaya tsakanin megabait 30 da 40 a daƙiƙa, da tsohon tsari yake aiki, komai shuɗinsa. In ta kai wajen 100, na gaske ne. Bambancin ba na ado ba ne: kwashe gigabait 500 da tsohon gudu zai ci kusan awa huɗu, da sabo kuwa bai kai awa ɗaya da rabi ba. A garin da ba a san lokacin ɗauke wuta ba, awa huɗu doguwar caca ce.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, kuma ya isa ya fitar da mutum kunya. Tunda faffaɗan bakin nan tsohon bakin Android ne da ƙari, kebul ɗin tsohuwar wayar hannu yana shiga ɓangarensa mafi faɗi, kuma faifan zai yi aiki da gudun USB 2.0. Sharaɗi biyu ne. Na farko, ya kasance kebul mai ɗaukar bayani, domin da yawa daga na caji, irin waɗanda ke zuwa da tocila ko ƙaramar sifika, sili biyu ne kawai a cikinsu, fitila za ta kama amma kwamfuta ba za ta ga komai ba. Na biyu, ya kasance gajere mai kauri. Wannan dabara ta ceto ce, a kwashe abin da ake buƙata a tashi, ba ta yau da kullum ba. Tsofaffin faifai na kafin 2010 masu baki Mini-B, waɗanda har yanzu suna yawo a kasuwar kwance, sukan zo da kebul mai kai biyu a ɓangaren kwamfuta don ya ja wuta daga baki biyu. Wanda ya maye shi da mai kai ɗaya zai iya jin wannan ƙit, ƙit ɗin, ya zaci ajali ne.

Mummunan kebul ba hana aiki kaɗai yake yi ba, yana ɓata abin da ke ciki. Idan wuta ta yanke a daidai lokacin da faifan ke rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, jadawalin ya rikice. Washegari a soka, Windows ta ce sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi. A wannan lokaci fayilolin suna nan daram a kan faranti, taswirarsu ce kawai ta lalace, kuma akwai manhajoji na kyauta, irin TestDisk da PhotoRec, da ke iya zaƙulo su. Amma sai mutum ya danna eh don ya rabu da saƙon, ko ya kai wa wani yaro mai ƙaramin sani ya yi masa fomat, ya kuma cika masa shi da sababbin fina-finai a matsayin kyautatawa. Fomat na gaggawa shi kaɗai bai cika kashe bayani ba. Rubuta sabon abu a kai shi ne ke binne shi har abada.

In kuwa bakin faifan ne ya ɓalle, sai a duba wane iri ne. Yawancin faifan aljihu na Seagate, in aka buɗe robar waje, za a tarar da faifai irin na cikin laftof mai bakin SATA, da wani ɗan allo da ke mayar da shi USB. Wannan gyaransa sauƙi: a cire ɗan allon, a sa faifan a sabon akwati mai araha, ko a haɗa shi da kwamfuta kai tsaye. Amma My Passport da Elements na aljihu na Western Digital, da Canvio da yawa na Toshiba, bakin USB ɗin a jikin babban allon faifan yake, babu SATA a ƙarƙashi. Nan sai dalma. Abin farin ciki, wannan aikin masu gyaran wayar hannu ne na kullum, tunda rabin abin da ake kawo musu bakin caji ne, kuma mai hannu mai kyau zai iya mayar da shi. Sauya allon da na wani faifai kuwa ba ya yiwuwa haka kawai, don kowane allo yana ɗauke da bayanan saiti na faifansa. Wasu nau'o'in My Book ma suna kulle bayani ta hanyar allon akwatin, in an zare faifan aka haɗa shi wani wuri sai a ga kamar babu komai a ciki. Abin da bai kamata kowa ya yi ba, komai ƙwarewarsa a gyaran waya, shi ne kwance murfin ƙarfen da ke rufe da faranti. Ƙwayar ƙura guda ta fi tazarar allurar girma nesa ba kusa ba. Wannan aikin ɗaki ne na musamman mai tataccen iska, irin wanda ake kai wa Alƙahira ko Dubai, kuma kuɗinsa ya ninka kuɗin faifan sau da yawa.

Manyan faifai na tebur, masu inci 3.5, suna da tasu fitinar. Su da caja suke aiki, mai bolt 12. Cajar laftof da yawa bolt 19 ce, kuma kanta yakan shiga ramin daidai wa daida. A gidan da aka tara caja a kwali ɗaya, kuskuren daƙiƙa guda ya isa: ɗan hayaƙi, ɗan ƙauri, shi ke nan. Sau da yawa wani ɗan ƙaramin abin kariya ne a kan allon ke ƙonewa ya fanshi sauran, kuma mai gyara da ya san aikinsa zai iya ceto bayanan. Ɗan farin salatif a jikin caja da rubutun 12 zai hana duk wannan.

Ana cewa USB-C zai kawo ƙarshen rikicin. An fitar da shi a 2014, haƙora 24, yana shiga ta kowace fuska, kuma ya fi zama daram. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan wayoyin hannu da makamantansu daga 28 ga Disamban 2024, kamfanin Apple ma ya sallama tun iPhone 15 a 2023. Gaskiya ne ya fi na da. Amma ya zo da nasa ruɗanin, domin duk kebul ɗinsa kama ɗaya ne a ido, alhali yawancin waɗanda ke zuwa da wayar hannu gudun USB 2.0 kawai gare su. Mutum zai sayi sabon faifan SSD mai tsada, ya haɗa da kebul ɗin cajinsa, ya zauna yana zagin faifan. Na jabu kuma suna da haɗari: a farkon 2016 wani injiniyan Google, Benson Leung, wanda ya ɗauki aikin gwada irin waɗannan kebul da ake sayarwa a Amazon, ya rasa kwamfutarsa saboda guda da aka haɗa silinsa a juye, kuma bayan haka Amazon ta hana sayar da waɗanda ba su cika ƙa'ida ba. Kasuwar Gadarif ba ta da mai yi mata wannan tankaɗe. Bayan haka, dokar Turai ba ta shafi faifan ajiya ba, kuma miliyoyin masu tsohon baki za su ci gaba da aiki shekaru masu zuwa, musamman a ƙasashen da kayan kwance ke ƙarewa. Mai sabuwar laftof da ba ta da baki sai C, kebul mai C a kai ɗaya da Micro-B a ɗayan yake buƙata, wanda ya fi na farkon wuyar samu. Masu haɗa faifai da wayar hannu kuma su sani cewa wayoyi da yawa ba sa iya ba da wutar da za ta tayar da faranti.

A ganina, gyaran da ya fi kowane sauƙi shi ne mutum ya raba abin da ke cikin faifansa gida biyu. Fina-finan Kano da na Indiya, da wasannin Masar, da tafsirin da ke hannun kowa, in sun tafi za a sake turowa. Abin da ba shi da madadi, wato takardun shaida, na fili, na makaranta, lissafin gona da na bashin banki, hotunan iyaye, in aka tattara shi da wuya ya cika ƙaramin katin memori. Wannan kason bai kamata ya kwana a wuri ɗaya ba: kwafi a faifai, kwafi a memori ko filash a wani gida dabam, kwafi kuma a imel ranar da layi ya samu. Faifai mai faranti na iya mutuwa da faɗuwa ɗaya daga kan tebur, da kebul ko babu.

Ga masu shagunan kwamfuta da gyaran waya na Gadarif kuma, 'yan uwa, roƙona ɗaya ne. Kowa ya ajiye lafiyayyen kebul guda da ya tabbatar da shi, wanda ba na sayarwa ba, na gwaji. Duk wanda ya shigo da faifai yana cewa ya mutu, a fara gwada masa da shi, a baki biyu, a kwamfuta biyu, kafin a ce masa komai. Kada kuma a danna fomat a kan faifan kowa sai an tambaye shi abin da ke ciki.